Baƙuwar da Ta Rame a Gidan Glana

Ranar da Odil ta sauka a garinmu Atar, sai da ta ɗan karkata kafin ta iya shiga ƙofar gidan Glana, kuma kafin a kira la'asar babu gidan da labarin bai shiga ba a unguwar. Baturiya ce daga Kanada, an turo ta koyar da Turanci a makarantar sakandare. Shugaban makarantar ya rasa inda zai sauke ta, sai ya tuna da Salka, malamar lissafi, wadda ke zaune da mahaifiyarta Glana a gida mai ɗaki huɗu, ga ta da Faransanci kamar ruwa, yaren da baƙuwar ma take ji. Shi ke nan aka kawo baƙuwa da akwatunanta biyu.

To mu a garinmu mun san abin da ake kira mace. Mace ita ce wadda laffaya ke cika da ita, wadda idan ta zauna sai ta dafa ƙasa kafin ta miƙe, mai damtse kamar tulu, mai ƙwauri a cike har idon sawu ya ɓuya. Odil kuwa Allah ya haɗa mata duka, har da nankarwa fara tas a damtsenta, irin wadda iyaye mata ke shekara suna ɗura wa 'ya'yansu madara don ta fito. Glana ta dube ta sama da ƙasa, ta dafe ƙirji.

"Tabarakallah! Salka, tambayar mini ita, uwarta da me ta ciyar da ita?"

"Inna, ki bari ta huta mana. Yanzu fa ta sauka."

"Ke dai tambaye ta. Wataƙila akwai abin da na manta ban ba ki ba."

Salka ta yi murmushin yaƙe ta ɗauki akwati. Shekararta ashirin da tara, kuma tun tana goye ake fama da ita. An kai ta ƙauye wurin kakarta ta sha madarar raƙumi har ta koma amai, ta dawo yadda ta tafi. An ba ta hulba, an ba ta dabino da man akuya, an ba ta kuskus cikin nono tsakanin abinci da abinci. Har ƙwayoyin nan na kasuwa ta taɓa gwadawa, zuciyarta ta dinga bugawa kamar za ta fito, ta watsar da su. Duk a banza. Matan unguwa Tsinken Glana suke ce mata, a gaban idonta kuwa, ba a bayanta ba.

Abu guda ne ya hana wannan suna ya kashe ta, shi ne Isalmu. Likitan dabbobi ne, dogo, mai magana a hankali. Shekara biyu ke nan duk Alhamis bayan la'asar sai ya zo da abokansa biyu ko uku shan shayi a zauren gidan, Glana ta shige ciki don kunya, Salka ta zauna gaban gawayi tana haɗa kumfa. Ya faɗa mata da bakinsa ita yake so. Abin da ya tsaya a tsakani shi ne mahaifiyarsa Tekbar, mace mai raƙuma da yawa wadda sai mutum biyu sun kama ta take tashi, kuma tana alfahari da hakan. Ita ta ce ɗanta ɗaya tilo ba zai auri abin da iska za ta ɗauke masa a hanyar kasuwa ba. Kullum Isalmu sai ya ce, "Ki ƙara mini haƙuri, Salka, tsohuwa ce kawai ta rage." Salka kuwa ta yi ta haƙuri, don ba ta da wani abin yi.

Makon farko gidan Glana ya koma kamar gidan suna. Mata su shigo da sunan gaishe da baƙuwa, su kama damtsenta su murza, su ɗaga gefen siket ɗinta su ga ƙwauri, su bushe da dariyar murna. Har Tekbar, wadda ba ta taka gidan kowa sai an yi rasuwa, aka kawo ta a mota. Ta riƙe hannun Odil ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta ce, "Wannan kalmar shahada kawai ta rage mata." Ko kallon inda Salka take ba ta yi ba. Washegari da safe sai ga direbanta da akushi cike da madarar raƙumi mai kumfa, wai a ba baƙuwar Glana. Daga ranar kullum sai an kawo.

Ita Odil da farko kuka ta yi. Salka ta same ta a ɗaki ta haɗa kai da gwiwa.

"Dariya suke mini, ko? Ki faɗa mini gaskiya, na saba. Tun ina firamare ake mini."

"Wace irin dariya? Yaba ki suke yi. A nan ke ce kyakkyawa."

"Ni?"

"Ke ɗin dai," in ji Salka, kalmar tana mata ɗaci a baki.

Odil ta share hawaye ta ƙura mata ido. "Kin san da a garinmu kike, da hotonki yana kan allon talla? Shekara goma sha biyar ina hana kaina abinci don in zama rabin yadda kike. Wallahi ranar da na fara ganinki sai da na ji haushinki."

"To a kai ni can mana," Salka ta ce. Suka yi dariya tare, amma ta Salka iyakarta leɓe.

A wannan zaman ne Odil ta buɗe akwati ta fito da wata riga koriya mai santsi. Ƙanwarta za ta yi aure a watan Agusta, uwarsu ta saya wa Odil rigar 'yan rakiyar amarya, ta kuma saya ƙarama da gangan. Wai ta ji a Afirka ana ramewa. Odil ta kara rigar a jikinta, ko rabin ƙirjinta ba ta rufe ba, ta ninke ta ta tura can ƙasan akwati.

Kafin wata biyu sai ga Odil ta fara yarda da abin da ake faɗa mata. Glana ta ɗaura mata laffaya shuɗiya mai zuba baba a fata, ta koya mata tafiyar ƙasaita, a ɗaga ƙafa a hankali kamar ba a son a taka ƙasa. Ta daina rufe damtsenta da hannu in ta zauna. Ta fara cin shinkafa da nama da hannu a tire ɗaya da kowa, Glana na tura mata kitse gabanta, tana lashe yatsu tana ƙyalƙyala dariya. A makaranta malamai maza har rige-rigen ɗaukar mata jaka suke yi. Glana kuma sai ka ce an yi mata bushara da Aljanna. Shekara da shekaru ana mata gori cewa ba ta iya ciyar da 'ya ba, yau ga mace ta cika mata tsakar gida, tana kiranta 'yata, tana zagayawa da ita gidajen da ake biki.

Duk wannan Salka ta haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa ya faru ne wata Alhamis a watan Disamba. Ana kan kofi na biyu Odil ta shigo zauren cikin shuɗiyar laffayarta, abokan Isalmu suka fara zuga shi, ai kai ne mai baiti a cikinmu, ga baƙuwa ta shigo ka yi shiru? Ya sosa gemu, ya ɗan yi tunani, ya ce:

"Wata ta doso ƙofa, ƙofa ta ji kunyar ƙanƙantarta,
Ta taka ƙasarmu, yashi ya ƙi share sawunta."

Zaure ya kaure da shewa. Aka fassara wa Odil, fuskarta ta yi ja, ta rufe baki da gefen laffaya kamar 'yar gari. Salka tana zuba shayi daga sama, hannunta ya goce, ruwan zafi ya zubo mata a yatsu. Shekara biyu tana ƙona yatsunta a gaban gawayin nan saboda mutumin nan, bai taɓa yi mata ko rabin baiti ba. Kishi ya taso mata, irin wanda ke sa mutum ya ji yana son ya fasa wani abu.

Da za su tafi ta tare shi a bakin ƙofa. "Ashe ka iya waƙa."

"Haba Salka. Baƙuwa ce fa. Ana yi wa baƙo baiti kamar yadda ake yanka masa akuya, ba wani abu ba ne."

"Ni ko kaza ba a yanka mini ba."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. Ita kuwa ta riga ta gama lissafinta, ai malamar lissafi ce. Uwa na aiko madara, ɗa na rera baiti, me ya rage in ba shahada ba?

Washegari Juma'a, suna zaune su biyu a ɗaki, Odil tana duba kanta a madubi tana gyara laffaya. Ta ce, "Kin sani, Salka, karon farko a rayuwata na kalli madubi ban ji ina son in juya shi bango ba."

Salka ta ci gaba da duba takardun ɗalibanta, ba ta ɗago ba. "Ya yi kyau. Yaushe ne ma bikin ƙanwarki?"

"Agusta."

"Af, ashe ya kusa. Su mutanen nan ai ba za su bi ki Kanada ba. Kuma can ba laffaya za ki ɗaura ba, ko? Na ga kamar kin ƙara a kan yadda kika zo. Ni dai tunanin mahaifiyarki nake yi, ranar da za ta tare ki a filin jirgi."

Hannun Odil ya sauka daga kan laffayar a hankali. Salka ta ga hasken nan na wata biyu ya mutu a fuskarta kamar an hure fitila, ta kuma ji daɗi, Allah ya sani ta ji daɗi. Can Odil ta durƙusa ta jawo akwati, ta tono koriyar riga.

"Za ki taimake ni? Ni kaɗai ba zan iya ba, mahaifiyarki ba ta jin a'a."

"Me zai hana? Ai mun zama 'yan'uwa."

Salka ta shirya abin kamar jadawalin jarrabawa. Ta ce wa Glana ai Turawa ba sa ƙoshi in ana kallonsu, kunya ce ke hana Odil ci sosai, gara a dinga kai mata nata ɗaki. Glana da jin haka ta ninka abincin. Tire na shiga ɗaki Salka za ta ɗauko kofin shayi ta auna shinkafa kofi biyu, ta zare kitse daga nama, sauran kuma ta bi da shi ta ƙofar baya wurin awaki. Awakin Glana a shekarar nan sun yi ƙibar da ba su taɓa yi ba. Shayin Odil akan zuba mata shi daban kafin a saka sukari a buta. Bayan sallar asuba kuma su fita da takalman gudu a ƙarƙashin laffaya, su miƙe hanyar bayan gari har gindin dutse su dawo, Odil na haki, Salka na gaba tana cewa, "Ƙara sauri, rigar ba za ta buɗe da kanta ba."

Madarar Tekbar kuwa ba a zubarwa, zunubi ne, kuma ba a mayarwa. Salka ce ke shanye ta. Kullum da safe ta rufe ƙofa ta kafa kai a akushin har sai ta ga gindinsa, tana numfashi sama-sama, tana cewa a ranta wataƙila madarar da aka aiko da ƙauna ta fi wadda aka ɗura mata da duka. Wata bakwai tana shan madarar da aka aiko wa wata, ko zoben yatsanta bai matse ba.

Ita kuwa Odil sai narkewa take. Laffaya akwai rufin asiri, don haka sai da sanyi ya wuce kafin a farga. Glana ce ta fara ganin wuyan ya zube, kumatu sun faɗa. Hankalinta ya tashi. Ta ce baki ne, matan unguwa ne suka cinye mata 'ya da ido. Ta karɓo rubutu, ta yi turare, ta sa aka yanka ɗan akuya aka soya hantar da kitse. Ranar nan Salka ta same ta a madafa tana kuka shiru-shiru.

"Me na yi wa Allah ne, Salka? Ta cikina ta ƙi kumbura, wadda aka kawo mini a cike kuma tana zubewa a hannuna. Da wane ido zan kalli mutane?"

Salka ta ji wani abu ya soke ta, ta kusa faɗa. Sai ta tuna yashin da ya ƙi share sawu, ta haɗiye maganar, ta ce, "Zafi ne, Inna. Ba su saba ba."

Mata suka daina zuwa murza damtse. Malamai suka bar Odil ta ɗauki jakarta da kanta. Isalmu bai sake yin baiti ba, sai dai wata rana ya ce, "Baƙuwarku lafiya kuwa? Na ga kamar ta faɗa." Salka ta ce lafiya lau, ta miƙa masa kofi, ranta fari ƙal. A ganinta ta ci yaƙi.

Ana saura kwana kaɗan a rufe makaranta, ƙarshen watan Yuni, Isalmu ya tsaya bayan abokansa sun fita. Fuskarsa cike da fara'a.

"Salka, tsohuwa ta sauko."

"Ta sauko ina?"

"Ta yarda. Tun ranar da ta zo gidan nan take maganar Inna Glana. Ta ce da ta ɗauka rowa ce ta hana ki jiki, amma gidan da ya karɓi mace irin wannan ya riƙe ta wata tara ba a ji kansu ba, gidan arziki ne, ramarki kuma halitta ce daga Allah. Madarar nan da take aikowa ai hannu take miƙo muku, ba ki gane ba? In an fita gonaki cin dabino za ta zo rumfarku da kanta ta yi magana da Inna. Ku dai ku ɗan kula da baƙuwar kafin nan, don ita za ta fara nema."

Nan take Salka ta gane ɓarnar da ta yi. Tekbar ba ta fita, rabonta da ganin Odil tun makon farko. A kanta har yanzu macen nan ce da ƙofa ta yi wa kaɗan.

Da gudu Salka ta faɗa ɗaki. Ta tarar da Odil tsaye gaban madubi cikin koriyar riga, zip ya hau har wuya, tana juyi tana tsalle kamar yarinya.

"Ta shiga! Salka, duba, ta shiga! Kilo ashirin da huɗu!"

"Cire ta. Zauna ki ci abinci."

"Na ci kofina biyu."

"Wane irin kofi biyu? Mutum ne zai rayu da kofi biyu? Ga dabino, ga man akuya, gobe kuma ke za ki sha madararki."

Odil ta tuntsure da dariya. "Gwada ni kike yi, ko? Ba zan faɗi ba, malama. Ke kika koya mini."

Mako uku Salka ta yi tana lallashi, tana faɗa, tana zuba mai a shinkafa a ɓoye. Odil ta gano, ta koma auna abincinta da kanta. In Salka ta ƙi tashi da asuba, ita kaɗai take ɗaura takalmi ta fita. Ɗaliba ta fi malamarta ƙwazo, kuma gaskiyar da za ta sa ta saurara ita ce gaskiyar da Salka ba za ta iya faɗa ba.

Dabino ya nuna, gari ya watse zuwa gonaki kamar kowace shekara. Glana ta kafa rumfarta ta ganyen dabino a bakin rijiyar danginsu. Ranar da aka ce Tekbar na tafe, Salka ta ɗaura wa Odil laffaya biyu, ɗaya kan ɗaya, ta zaunar da ita a lungun da ya fi duhu, ta jera mata matasai dama da hagu. Ta ce mata al'ada ce. Odil ta yarda, gumi na tsiyaya daga goshinta.

Bayan la'asar mota ta tsaya. Isalmu ya kama mahaifiyarsa shi da ƙanwarta suka sauko da ita, ya rako su har bakin rumfa, sannan ya koma jikin mota ya tsaya, don ba ya zama inda surukarsa take. Aka yi gaisuwa mai tsawo, lafiyar mutane, lafiyar raƙuma, lafiyar dabino. Salka ta hura gawayi, ta haɗa kofin farko mai ɗaci, ta miƙa da hannu biyu. A karon farko Tekbar ta dube ta a fuska, har ta ce, "Sannu 'yata, kumfarki ta yi kyau."

"To ina 'yar tawa Baturiya? Matso nan in ji ɗuminki."

Odil ta taso daga cikin matasan, matasai suka zube. Ta zo ta durƙusa. Tekbar ta kai hannu ta cikin laffaya ta kama damtsen nan da ta daɗe tana ba da labarinsa, sai yatsunta suka haɗu da juna. Ta yaye mayafin. Fata ce kawai ke reto a jikin ƙashi kamar salkar da ruwanta ya ƙare.

"Innalillahi! Glana, mene ne wannan?"

"Ciwo ne, 'yar'uwa," Glana ta ce. "Zafin garinmu ne bai karɓe ta ba. Babu abin da ban yi ba, Allah ne shaidata."

Tekbar ta yi ajiyar zuciya ta girgiza kai. "Ayya. Ciwo na Allah ne, babu mai laifi. Allah ya ba ta lafiya."

Da a nan maganar ta tsaya, da yau wani labarin nake ba ku. Amma wata tara Odil ta yi tana koyon yarenmu, ta kuma tsinci kalmar ciwo. Ta ga Glana ta sunkuyar da kai, ta ga kamar ana zargin tsohuwar da ta riƙe ta kamar 'ya. Sai ta miƙe tsaye, fuskarta na haske, ta haɗo duk kalmomin da ta mallaka.

"A'a, a'a, ba ciwo! Ni lafiya lau! Inna abinci da yawa, da yawa! Salka ce. Salka ta taimake ni. Shinkafa kofi biyu, saura awaki. Kullum asuba, tafiya, tafiya, har dutse. Salka ta ce yi sauri!" Ta zo ta rungume Salka ta baya. "'Yar'uwata. Ita kaɗai ta faɗa mini gaskiya."

Tekbar ta dubi Odil.

"Madarata fa?" Tekbar ta tambaya a hankali.

"Madara mai daɗi, na gode! Ni ban sha ba. Salka ta sha. Kullum, duka!"

Tekbar ta juyo ta auna Salka da ido tun daga wuya har idon sawu, ba gaggawa. "Madarar raƙumata ta wata bakwai, nan ta shiga? To ina ta tafi?" Ta ajiye kofinta a tire. "Glana, ki yafe mini, ke ba ki da laifi, tukunyarki a cike take. Da na ce ramar 'yarki daga Allah ne. Ashe daga zuciya ne. An kawo muku amana ta cika ƙofa, ta zauna ta aune ta da kofin shayi. Ni ɗa ɗaya gare ni, ba zan sa shi a hannun da ke auna wa baƙo loma ba." Ta ɗaga hannuwa. "Ku tashe ni."

"Ki tsaya ki sha na biyu, don Allah," Glana ta ce. "Ba a tashi a kofin farko."

"Na ƙoshi."

Salka ta bi su waje ba ta ma san ta tashi ba. Rumfar ganye ba ta riƙe magana, Isalmu ya ji komai. Ya shigar da mahaifiyarsa mota, ya rufe ƙofa, sannan ya juyo. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Saboda baiti biyu, Salka?"

"Shekara biyu ina jira, ko ɗaya ban samu ba," ta ce, hawaye na zubo mata. "Kishi na ji, Isalmu. Na ji kamar zan mutu."

"Ita baiti na yi mata. Ke uwata na kawo miki."

Ya shiga ya tayar da mota. Ta tsaya tana kallo har suka sha kwana a bayan itatuwa, bai waiwayo ba.

Da ta koma ciki, Glana na zaune inda aka bar ta, ta ja laffaya ta rufe fuska. Odil na tsakiyar rumfa tana kallon wannan tana kallon waccan, murmushinta ya fara dusashewa.

"Me ya sa suka tafi da wuri? Salka, na yi kuskure ne? Ba haka ake faɗa ba?"

"Daidai kika faɗa. Ko kalma ɗaya ba ki ɓata ba."

Buta na ta tafasa a kan gawayi, kofi na biyu ya daɗe da nuna. Daga ƙarƙashin mayafi Glana ta ce, ba tare da ta buɗe fuska ba, "Zuba mata shayi. Har yanzu baƙuwarmu ce."

Salka ta durƙusa ta zuba, ta miƙa. Odil ta karɓa ta kai baki, ta ɗan kurɓa, sai ta yamutsa fuska ta miƙo mata kofin.

"Akwai sukari a ciki, Salka. Kin manta? Ke kika ce in daina."